Dashinmu da Kitsen Alhaji

A shekarar da muke tonon gidan tururuwa muna ƙwace hatsin da ta ɓoye, akwai wani bawan Allah a Zangon Damagaram da ciwonsa ƙiba ce. Ƙiba fa! Mu muna ƙara wa zane ƙulli don kada ya zame daga ƙugu, shi kuwa lokotoro ya gwada jininsa ya ce maiƙo ya yi masa yawa, in bai yi hankali ba zai toshe masa hanyoyin jini. Mutumin nan wan mahaifin mijina ne. Baba Alhaji muke ce masa.

Muna zaune a wani ɗan ƙauye gefen Tirmini. Damina biyu a jere gero ya fito, ya kai gwiwa, ya ƙone a tsaye. Mijina ya bi sauran maza Kano neman abin kai wa baki, ya bar ni da uwarsa, wadda nake kira Inna, da jariri a baya. Yaron ko haƙori bai yi ba nonona ya ƙafe. Yo da me zai zo? 'Ya'yan anza muke jiƙawa, mu zubar da ruwan ɗacin, mu sake jiƙawa, mu dafa mu ci. Mace ba ta yin nono da anza.

Abin da ya tsaya tsakanin yaron nan da kabari akuya ce guda ɗaya, ja, mai karyayyen ƙaho. Sauran bisashenmu duk sun tafi, wasu kasuwa, wasu cikin ungulu. Ita ɗanta ya mutu amma ba ta daina ba da nono ba, ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Inna ke tatsa, ta ɗumama, ta ɗura wa yaro da ƙaramin ludayi. Ita kuma akuyar, da shingen dashin bayan gidanmu take rayuwa.

Marigayi surukina ne ya kafa shingen, ya zagaye 'yar garkarmu da shi. Ga wanda bai san dashi ba, itace ne gajere mai tsini a bakin reshe, ɓawonsa na saɓulewa kamar na albasa, ƙarƙashinsa kore shar. Da kaka na share busasshen ganyensa kaf, na ɗura a buhu na rataye a ɗaki. Shi nake tsakura wa akuya, in haɗa mata da 'yan kan rassa masu taushi. Burina ɗaya ne, buhun nan ya kai mu bazara. Don dashi ba ya jiran ruwa ya sauka. Da iska ta juyo da ɗan laima sai ya tofo, tun ƙasa na nan fari fat babu ko tsinken ciyawa. In ya tofo akuya ta tsira, in akuya ta tsira yaro ya tsira. Ko mahaukaci ya san wannan.

Dashi yana da ƙaro. In an ɗan tsaga jikinsa sai ya tsatso, ya daskare ya zama dunƙule ruwan zuma, mai ƙanshi, mai ɗacin tsiya. Ana turare da shi, ana sa wa miki, ana jiƙa ɗan kaɗan a sha don ciwon ciki. Surukina yana da ƙa'idarsa, kowa a gidan ya san ta. Tsaga ɗaya, da bakin wuƙa, iyakar ɓawo, a gefe guda. Itacen da aka taɓa bana a bar shi ya huta baɗi. Shekarar da ruwa ya yi gardama kuwa ko kusa da su ba a zuwa da ƙarfe. Yakan ce mai ƙishirwa ba a yi masa ƙaho.

Yaron nan kuma ɗan farina ne. A wurinmu, a wancan zamanin, uwa ba ta nuna ta san ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ko kuka yake tsalawa sai ta kau da kai, har wani ya ce, "Ke, ɗauki yaron nan mana," sannan ta ɗauka tana ɓata rai kamar an sa ta dole. A gaban surukai kuwa abin ya ninka. Kunya ake ce mata, da ita ake auna 'yar mutunci, kuma na iya ta sarai. Sai na zaga bayan rumbu, inda ko ɓeraye sun daina zuwa, sannan in cusa hancina a wuyansa in kira sunansa a hankali.

Baba Alhaji falke ne, fatu da goro da atamfa, yana da kamyo, babbar motar kaya, na kansa. Inuwar giginya ne, na nesa ka sha. In baƙi suka sauka daga Agadas ko Kano sai rago ya faɗi, mu kuwa danginsa na ƙauye sai salla-salla a aiko da turmin atamfa ɗaya a ce mu raba. Da lokotoro ya tsorata shi, ya hana shi kitsen rago da man shanu, sai ya shiga neman hanyar da zai ci abinsa kuma ya kwana lafiya. A Kano wani Ba'indiye mai kanti ya gaya masa a ƙasarsu akwai wani ƙaro mai ɗaci da ake sha, yana narkar da maiƙon jini, har ya nuna masa ɗan dunƙule. Alhaji ya sansana ya ce, "Ai wannan dashi ne! Ga shi can bayan gidan ƙanena an yi shinge da shi."

Ni ban ce ƙarya ne ba. Mai yiwuwa yana magani, Allah bai halicci itace a banza ba. Ba da dashi nake faɗa ba, ba kuma da Ba'indiye ba.

Da farko aike ya yi. Inna ta kwance tsumman da marigayi ya bari da ragowar ƙaro, ta ba da duka. Ashe kanmu muka tono wa. Alhaji ya jiƙa ya sha, ya ce ya ji jikinsa sakayau, ya ba abokan hirarsa labari, kowane mai tumbi a Zango ya ce shi ma a sam masa. Alhaji kuwa ya gwammace komai da ya ce babu a gaban tsararsa.

Ran nan da hantsi, tsakiyar rani, sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida. Shi ne da kansa, da 'yan aiki biyu, da rabin buhun jar dawa irin ta taimako da ake rabawa a birni. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar ɗaki. Ni na shige bayan zana kamar yadda ya kamaci matar ɗa, yaro a bayana, ina jin komai.

Inna ta durƙusa daga nesa, aka yi ta gaisuwa, ya gida, ya ƙarfin jiki, ya haƙuri da wannan shekara. Sannan ya ce, "Ga ɗan abin tuwo nan. Yaran nan kuma za su ɗan taɓa dashin baya, ina bukatar ƙaro."

Inna ta yi godiya har da hawaye. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Alhaji, itatuwan dai bana sun sha wuya. Marigayi ba ya taɓa su in ba a yi ruwa ba."

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Dashi? Dashin da ko reshe ka sara ka soka a ƙasa sai ya kama? Haba! Ƙanena, Allah ya jiƙansa, ya cika tsoro. Kuma wurin nan ai na ubanmu ne, ba a raba ba."

Inna ta ce, "Haka ne, Alhaji." To me za ta ce? Ga buhu a gabanta, ga wan miji a kan tabarma. Ba ta ambaci akuya ba, balle yaro. Wai tsayar da babba saboda akuya ƙaranta ne.

'Yan aikin nan 'yan dakon tasha ne, ba su san dashi ba sai a murhu. Ba wuƙa suka zo da ita ba, adda suka zo da ita. Na leƙa ta hudar zana na ga suna sara har farin itace ya bayyana, su zagaye gindin, su hau sama su sake, itace bayan itace, don an ce musu yawan rauni yawan ƙaro. Ƙanshin ya cika gidan. Akuya na ɗaure a turke tana kallonsu tana tuƙa.

Ban san sa'ad da na kwance goyo ba. Na fito tsakar gida kaina ko mayafi babu, ban durƙusa ba, ban gaishe shi ba. Na miƙa yaron da hannu biyu har gaban fuskarsa.

Na ce, "Baba, dubi wannan! Ɗana ne. Nonon akuyar can yake sha, ita kuma dashin nan take ci. In suka kashe itatuwan nan shi suka kashe. Don Allah, don Annabi, ka ce su bari!"

Kuma na faɗi sunansa. Da ƙarfi na faɗa, na maimaita, don ya san mutum ne mai suna, ba "yaron nan" ba.

Sara ya tsaya cak. Wallahi na ɗauka na ci nasara. Ashe ko kallon yaron bai yi ba. Ya kau da kai gefe, ya ja hannun riga ya rufe baki kamar wanda ya ga tsiraici, ya ce wa Inna, "Ikon Allah! Ɗan fari? A gabana? Wace irin 'ya kuka ɗauko mana?"

Inna ta taso, ta fizge yaron daga hannuna. "Kin kashe ni! Kin tona mana asiri, rasa kunya ɓeran tanka!" Ta danna kafaɗata ƙasa ta ce in ba Baba haƙuri. Ya ce ya yafe, ƙuruciya ce da yunwa. Sannan ya ɗaga murya ya ce wa 'yan aikin, "Ku kuma me kuka tsaya kallo?"

Jama'a, ana ta kai wa yake ta kaya? Ga yaro haƙarƙarinsa duk a waje, kansa ya fi ƙarfin wuyansa, amma abin da ya girgiza mutanen nan shi ne bakina ya furta sunansa. Kafin la'asar labari ya gama ƙauye. A bakin rijiya, matan da su da kansu suka binne 'ya'ya a shekarar nan, su ne ke zungurar juna suna cewa, "Ku matsa, ga mai ɗa ta zo." Wata tsohuwa ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Mu da muka cika gida da haihuwa ba mu san daɗin ɗa ba, sai ke." Babu wadda ta tambaye ni halin da dashi ke ciki. Tir da irin wannan kunya! A lokacin a zuci na faɗa, yanzu a fili nake faɗa, wanda zai ji haushi ya ji.

Ƙaro kam ya zubo kamar ba gobe. Itatuwan suka yi ta zubar da ɗan abin da ya rage musu a jiki. Da ya daskare 'yan aikin suka dawo suka kankare, suka cika kwalla, suka tafi. Na kwaɓa laka da ruwan da na hana kaina sha, na bi raunukan ɗaya bayan ɗaya ina liƙewa. Aikin banza na yi, ni ma na sani, amma zama ya gagare ni.

Jar dawa mun ci ta, ba zan yi ƙarya ba, har mun suɗe tukunya. Sai dai cikin jariri bai karɓe ta ba. In na dama masa kunu tsararo, yadda ya shiga haka yake fita.

Bazara ta zo, iska ta juyo. Dashin maƙwabta ya yi kore, kowa na gadin nasa da sanda, kuma ban ga laifinsu ba. Na daji kuwa raƙuma da awakin mutanen da fari ya koro daga arewa sun gama da shi tun bai buɗe ba. Kullum da safe sai in zaga baya in kankari ɓawo da farce ina neman kore. Baƙi ƙirin, busasshe, gara ma ta riga ta shiga. Buhu ya ƙare. Akuya ta ci igiyarta, ta ci gefen zana, nono ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Ranar da ta kasa tashi muka kira maƙwabci ya yanka ta don kada ta yi mushe.

Yaro ya daina kuka. Duk wadda ta yi jinyar yaro mai yunwa ta san wannan shirun, kuma ba na yi wa maƙiyiyata fatan ta san shi. Inna, wadda tun ranar nan ba ta yi mini magana mai daɗi ba, ta zo ta zauna kusa da ni tana share hawaye. Ita ma jikanta ne, na sani.

Ta ce, "'Yar nan, mu kai shi Zango. Can akwai madara. Dama ɗan fari ba a hannun uwa yake tashi ba, dangi ake ba."

Na ce, "Gidan wanda ya kashe mana akuya?"

Ta ce, "To faɗa mini wani gidan."

Ba ni da wani gidan.

Wani kamyon itace ya ɗauke mu a bakin hanya. Zango cike take da mutanen da fari ya kwaso, kowane gindin bango da masu zama. Gidan Alhaji babba ne, soro mai zane a goshi. Tun daga zaure ƙanshin ƙaron dashi ya buge ni, na tsaya. Uwargidansa, mace mai kirki, ba zan zalunce ta ba, ta ga ina kallon kaskon da ke hayaƙi a tsakar gida.

Ta ce, "Ai ƙaron ƙauyenku ne. Alhaji ya ɗan sha, ya ce yana murɗa masa ciki, ɗacin ma ya ishe shi. Abokan nasa kowa ya ɗanɗana ya tofar. Yanzu ƙwayoyi lokotoro ya rubuta masa. Shi ne muke turara ɗakuna da shi, yana korar sauro."

Kwallar na nan a lungu, ko rabi ba a ci ba. Sauro! Shingen marigayi, da akuyata, da naman jikin ɗana, duk don a kori sauro.

Aka kai mu gabansa. Yana kishingiɗe, ga akushi a gefe da ƙasusuwan da ya gama tsotsa. Inna ta yi bayani kanta a ƙasa. Ya dubi yaron, yau dai ya dube shi, ya yi salati ya ce, "Subhanallahi! Ai ɗana ne. Don me ba ku kawo shi tun da wuri ba? Ku mutanen ƙauye da zurfin ciki!"

Inna ta zungure ni da gwiwar hannu. Na durƙusa na ce, "Mun gode, Baba. Allah ya ƙara girma." Wannan karon ban faɗi sunan kowa ba, kuma duk gidan aka yaba da hankalina. Uwargida ta kwance yaron daga bayana. Bai yi kuka ba, ba shi da ƙarfin yi. Na koma ƙauye da zanen goyo a naɗe a hammata.

Ya rayu, alhamdu lillahi. Madarar gwangwani da allura suka tashe shi. Da ruwa ya dawo, mijina ya dawo, na tasa shi gaba da fitina sai ya je ya karɓo mana ɗanmu. Ya je ya dawo shi kaɗai, kai a sunkuye. An ce masa wanda aka ba riƙo ba a ƙwace masa sai marar kunya, kuma gidanmu dama an riga an san mu da ita. Na haifi wasu bayansa, kowanne na dinga kwaɗa masa kira da sunansa a tsakiyar mutane, mai mutuwa don haushi ya mutu. Amma na farin a Zango ya tashi. Aka sa shi lakwal, ya yi karatu, ya zama ma'aikacin biro, wato ofis. Uwargidan Alhaji ita ce uwarsa, ni kuwa Innar ƙauye. In ya zo gaishe ni a bakin tabarma yake zama, yana duba agogo.

Labarin da aka ba shi shi ne, a shekarar yunwa an kawo shi kamar gawa, Baba Alhaji ya cece shi. Ba ƙarya aka yi masa ba, rabi aka gaya masa. Na sha buɗe baki in ba shi sauran, sai in ga gidan da ya tashi a ciki zan rushe masa, ni kuwa ba ni da wani da zan sa shi. Sai in tambaye shi ya aiki, ya yara.

Alhaji ya yi tsawon rai, da tumbinsa da komai. Ya binne ƙannensa, ya binne Inna, ya binne mijina, sannan tasa ta zo. Na je zaman makoki don ba yadda zan yi. Muna zaune a ɗakin mata sai ga ɗana ya shigo, magidanci da 'ya'yansa, idanunsa jajur. Ya ratsa mata ya zo ya durƙusa a gabana, kusa da ni, yadda bai taɓa matsowa ba tun ranar da aka kwance shi daga bayana. Ya kama hannuna.

Ya ce, "Inna, na rasa uba. Ba don shi ba da ban kai yau ba. Allah ya gafarta masa, ya sa aljanna ce makomarsa."

Duk matan ɗakin suka amsa. Ya jira, hannuna na cikin nasa. Can ya ɗago kai.

"Inna, ba ki ce amin ba."

Na dubi fuskarsa, goshin ubansa ne, bakin kuma nawa ne. Na zare hannuna a hankali na ce, "Tashi ka je, baƙi na jiranka a waje."

Ya tashi ya fita, yana waiwayena.